Yadda na yanke manoma daga faifan Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka ƙaddamar da faifan Baba Ilu a Safana ba. Ko na so mantawa ma, mutanen Karare ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Batsari, a shekarun nan da albashi ke zuwa sai ya ga dama. Kowane malami ya nemi abin yi a gefe. Wani acaɓa, wani ɗinki, hedimasta ma kaji yake kiwo a bayan ofis. Ni kuwa da na fi ƙarfin irin wannan (a ganina fa), sai na samo tsohuwar kwamfuta da ɗan janareto, na kama shago, na rubuta a ƙofa cewa ana buga faifan CD. Aikin bai wuce a ɗauki waƙa, a zuba ta a faifai, a manna hoto ba. Amma cikin mako biyu an fara kirana Injiniya. Ni na raɗa wa kaina sunan, ba rago ba goro.

Baba Ilu makaɗin manoma ne daga Karare, dattijo, ya tsufa yana bin gayya da gangarsa. Ya ga matasa na fitar da faifai ba tare da wani ya ɗaure musu gindi ba, shi ma ya ce sai ya bar muryarsa a duniya. Ya sayar da ragon da yake kiwo, ya zo shagona da 'yan amshinsa biyu.

"Malam, waƙa guda ce," ya ce, "amma duk wanda ya taɓa riƙe ni yana ciki. Amana ce na ba ka."

"Haba Baba, ai ka zo gidan aiki," na ce, ina wani danne-danne kamar mai tuƙa jirgi.

Waƙa guda ce kam, amma ta haura awa ɗaya da rabi. Shi kuwa faifai minti tamanin yake ɗauka, ko za ka yi masa kuka. Mai hankali zai hau mashin ya je Karare ya yi tambaya. Ni sai na tuna tsadar mai, na kuma tuna ni Injiniya ne. Na saurari waƙar, kiɗi da amshi ba laifi, sai dai jim kaɗan Baba Ilu zai shiga jero sunaye: wane ɗan wane na Zakka mai rumbu bakwai, wane na Babban Duhu jikan wane. Na ce wannan ai kiran rajista ne (abin da ya ishe ni a aji ke nan). Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanke. Yankan ya yi yawa har wuri ya rage, don kada a yi asara sai na ɗauki muryata, na sa mata amsa-kuwwa, na dasa ta a duk inda na cire mutum: "Aikin Injiniya ne, daga Batsari." Na buga guda ɗari biyu. Ban kunna wa kowa ba, wai kada a sace mini fasaha.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa a wani fili bayan la'asar. Manoma suka cika wurin, kowa da rigarsa ta ƙasan adaka. A shekarar da hatsi ya yi tsada haka, wasu a ƙafa suka zo, don kawai su ji an ambace su a cikin na'ura. A kujerar gaba ga Alhaji Tanimu na Zakka, babban ubangidan Baba Ilu, har da surukansa ya gayyato. Ni kuma ina gefen lasifika cikin kwat, ina ta gumi ina fara'a.

Aka kunna. Ganga ta tashi, amshi ya ɗauka, mutane suka fara gyaɗa kai. Muryar Baba Ilu ta ce, "Bari in gaida mazan fama, in fara da…" Alhaji Tanimu ya gyara zama, ya karkata hula, ya dubi surukansa.

"Aikin Injiniya ne, daga Batsari… tsari… tsari…"

Wasu suka ɗauka faifan ne ya yi tsalle. Kiɗi ya ci gaba, aka sake zuwa gaisuwa, na sake fitowa. A karo na huɗu murmushin fuskata ya bushe, kwat ɗin ta zame mini tanda. Baba Ilu bai dube ni ba, ƙasa kawai yake kallo, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu aka kashe. Ya tambaya a hankali, irin tambayar mai neman sani:

"Ilu, wai wanga Injiniya ɗan wane ne? Dame nawa ya ɗaure bana?"

Mutum fiye da ɗari suka juyo suka nuna masa ni. Ni da ko tushen kuɓewa ban taɓa shukawa ba.

Baba Ilu ne ya ceci kansa. Ya miƙe, ya rataya gangarsa, ya rera waƙar da bakinsa tun daga farko, ya kira kowa da ubansa da kakansa har rana ta yi ja. A ƙarshe ni ma ya sa ni a ciki, ya ce a gaida Injiniya mai sheƙa, wanda ya zubar da tsaba ya kai ƙaiƙayi rumbu. 'Yan amshi suka ɗauka, fili ya ɗauka. Har yau in na shiga kasuwar Batsari sai na ji wani yana rera ta ƙasa-ƙasa.

Da damina ta kama na daure na je Karare ba Baba Ilu haƙuri. Na tarar da shi a gonar gero, an zarge faya-fayan nan a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, suna walƙiya a rana.

"Kada ka damu, Malam," ya ce. "Aikinka na da kyau. Tun da na rataye su ko tsuntsu guda bai sauka ba."

Daga ranar na koyi darasi: in aka ba ka amanar abu ka ga wani wuri bai yi maka daɗi ba, ka tambayi mai shi kafin ka sa almakashi, don ƙila saboda wurin aka sayar da ragon.