Gishirin Saniya a Fangalin Tumatir

Ranar kasuwar Bunkure na sayo wa saniyata jan dunƙulen gishirin lasa mai ƙara madara. Na ɗauro shi a bayan babur ba leda, don kowa ya shaida.

Maƙwabcina Malam Sule ya ce, "Alhaji, rataye shi ake yi."

Na ce, "Ni za a koya wa kiwon zamani?"

Na girke shi a bakin hanyar ruwa, inda masu wucewa za su gani. Da hantsi aka saki ruwa. Ko lasa ɗaya saniyar ba ta yi ba, gishirin ya narke cikin fangalin tumatirina, shukar ta ƙone ƙurmus.

Har yau, da na zauna a majalisa sai Malam Sule ya miƙo kofin shayinsa: "Alhaji, a ɗan tatso mana tumatir."