Rasuwar Suwic Tamanin da Bakwai na Ofishinmu

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Maliki Balarabe, mai buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati nan Kaduna, nake sanar da rasuwar suwic guda tamanin da bakwai, masu shuɗin kai, waɗanda suka shekara bakwai suna ƙara a ƙarƙashin maɓallan kibod ɗin kwamfutata. Sun rasu ranar Asabar da hantsi a gidana da ke Kinkinau, kuma a hannuna.

Marigayan ba su san ɓoye aiki ba. Harafi ɗaya za ka taɓa, su sanar da duk bene: ƙas! ƙas-ƙas-ƙas! Katako ne kawai ya raba teburina da na Darakta, shi kuwa mutum ne da bai taɓa leƙo aikin kowa da ido ba, da kunne yake dubawa. Muddin yana jin ƙas-ƙas, Maliki haziƙi ne. Ko ranar da nake rubuta wa matata Harira jerin cefane, marigayan sun rufa mini asiri, har aka yaba mini a taron ma'aikata.

Ba su yi jinya ba. Ni ne ciwon ya kama, na son abin zamani. Na ga ana yayin wasu suwic da ake kira liniya, masu sauka sumul, ba tuntuɓe ba ƙara. Mako uku ina zaɓe, kullum da ɗan allon gwaji a aljihu, ina latsawa har cikin Keke daga Kawo. Masu laushi sun yi mini sakwa-sakwa, numfashi ma sai ya buga harafi. Masu tauri suna gajiyar da ɗan ƙaramin yatsa. Na tsaya a tsakiya, na ɗauki mafi daraja, waɗanda aka shafa wa mai tun daga masana'anta, aka kuma sa musu ɗan matashin roba don kashe sauti. Da na narka dalma ina cire marigayan, zafi ya yi yawa, wasu suka narke, wasu ƙafafunsu suka karye. Ba mai komawa mazauninsa.

Magadan ba su da laifi, gaskiya. Tun da nake ban taɓa gudu haka ba. Ranar Litinin kafin azahar na gama rahoton kwana uku. Sai ga Darakta ya buga katako.

“Maliki, kana nan kuwa?”

“Ina nan, ranka ya daɗe, aiki nake.”

“To. Ni dai ban ji ba.”

Na kai masa rahoton da hannuna. Ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni wa ya taya ni. Ranar Talata takardar tuhuma ta iso teburina, wai na koma zaman banza. Na buga amsa shafi biyu, ita ma ba a ji fitarta ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don wannan makon ake fitar da sunayen waɗanda za a tura ƙananan hukumomi, ga Harira da cikin wata takwas, asibitinta kuma nan Unguwar Sarki.

Marigayan sun bar kibod guda, lafiyayye amma bebe, da maɓallan da suka goge, da ni.

Za a sa su a gwangwanin madara a binne a durowar ƙasa ta teburina, gobe Alhamis bayan azahar, lokacin da za a liƙa sunayen a allon sanarwa. Masu ta'aziyya su shigo a hankali, kada su yi mini magana. Kowace shekara ni ake ba jerin nan in buga, bana Darakta ya tsallake ni ya miƙa wa Safiyya ta ofishin gaba. Nata kibod ɗin yana da murya. Tun safe nake zaune ina ƙirga haruffan kowane suna da kunne, kuma yanzun nan ta buga shida ta tsaya, daidai adadin haruffan Maliki.