Rasuwar Kujerata Mai Juyawa a Zauren Baba Hambali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da ya manta zaman ƙasa, ni Ilu Fagge, Manajan Darakta na Kamfanin Ilu da 'Ya'yansa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikina, kujerata mai juyawa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ofishinmu da ke zauren baffana, Baba Hambali.

An haifi marigayiya a Turai, in ji Chukwuma na Sabon Gari da ya sayar mini da ita, ko da yake a bayan shagonsa na tarar yana shafa mata fenti. Na ɗauko ta a shekarar da ariyas ɗin albashi ya sauka, lokacin da kowane ɗan boko ya waye gari ɗan kwangila. Ni ma na ajiye aikin akawu, na ce na daina yi wa kowa sammako, a gida zan buɗe ofis. Baba Hambali ya ara mini zaure bisa sharaɗi guda: in Babbar Salla ta zo ba a ga kwangila ba, in kwashe tarkacena. Na naɗe tabarmi, na sallami 'yan majalisar da suka shekara ashirin suna hira a wurin, na kafa tebur, har na ba da izinin shiga da takalmi. Buzun da Baba ke zama a kai kaɗai ya gagare ni, yana nan a lungu bayan kujera.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ƙafa ɗaya Allah ya ba ta, amma ba ta taɓa kukan nauyina ba. Ba ta makara, ba ta neman hutu. Ranakun da ko kaza ba ta leƙo ofis ba, ita ke ɗebe mini kewa: in dubi ƙofa, ta ce "ƙiiƙ", in dubi bango, ta ce "ƙiiƙ". Uwargida Kubura kan ce duk kamfanin ita kaɗai ke motsi. Na yafe mata, tunda muna cikin makoki.

Da lalurarta aka haife ta. A kan wani dogon sukuru take tsaye, in an juya dama ta ɗaga, in an juya hagu ta sauka. Chukwuma ya ja mini kunne cewa duk juyin da na yi dama in rama shi da hagu, kuma wallahi ban taɓa saɓawa ba.

Ajali ya zo ana saura mako guda Salla, a cikin Marsandi. Alhaji Maje ne, babban dillalin atamfa a Kantin Kwari, ya zo mu yi maganar ɗauko masa diloli daga tashar jirgin ƙasa. Kwangilata ta farko ke nan, kuma da ita zan riƙe zaure. To, ina ni ina zama a sama, Alhaji yana tsaye? Na miƙe na ba shi kujera. Ya tuɓe takalmi, ya hau, ya harɗe ƙafafu a kai kamar mai zaman darduma.

Ganin mota a ƙofa, sai ga korarrun 'yan majalisa sun shigo gaisuwa, sun jeru jikin bango sun kewaye mu. Alhaji kuwa mutum ne mai ladabi, ba ya gaida kowa da ƙeya, kuma daga dama yake farawa. Ya dafa tebur ya juya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Kafin ya gama zagaye wasu sun shigo, ya sake ɗaukowa daga dama. Ina tsaye ina kallon hularsa tana kusantar azara. Na buɗe baki, Baba ya harare ni, don ba a katse babba yana gaisuwa. Kalaman marigayiya na ƙarshe su ne "ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙwas!"

Da aka zaro Alhaji daga cikin babbar rigarsa, aka nemo masa hula, bai yi faɗa ba. Ya sa takalmi ya ce, "Malam Ilu, ka fara samun wurin zama tukuna."

Marigayiya ta bar tebur guda, da hatimin da bai taɓa ganin takarda ba, da wayar tarho da har yau ba a haɗa ta ba, da ni. Chukwuma ya zo ya duba gawa, ya ce ba ta tashi, amma yana da ƙanwarta a shago. 

Za a ɗauki gangar jikin a kura ranar Juma'a bayan la'asar, a mai da ita Sabon Gari. Ƙafar kuwa Kubura ta riga ta aika wa maƙera su yi mata murhun suyar naman Salla. Ana karɓar gaisuwa a zaure, inda Baba bai ma jira Salla ba ya mai da tabarmi, majalisa kuma ta koma zama. A tuɓe takalmi a ƙofa kamar da. Mai neman Manajan Darakta ba sai ya shiga ciki ba, zai same ni a nan wajen takalman.