Albarkar da Ta Kori Mai Sayen Injin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi ta sa wa wani dattijo albarka har ya fusata ya bar ƙofar gidanmu ba. Har yanzu idan abin ya faɗo mini ina cikin aji, sai in kifa kai a kan benci kamar mai ciwon kai.

Mu mutanen Filato ne. Aikin koyarwa ya kai babana Sakkwato, muka kama hayar ɗaki biyu a Tudun Wada. Ban da koyarwa, Baba yana da ɗan fili na aro a fadama inda yake noman albasa ran Asabar, shi ya sa ya sayi injin ban-ruwa, ja, mai ƙara kamar babur. Da ya rasu, Mama ta ce idan an yi hutun makaranta gida za mu koma. Aka fara sayar da kaya. Kujeru suka tafi, firji ya tafi (ya bar wani farin shaci a siminti da nake tsallakewa, ban san dalili ba), har ya rage injin kaɗai a zaure, tiyonsa a naɗe a kansa. Da kuɗinsa Mama take son ɗaukar motar da za ta kwashe sauran komatsanmu. Ga hutu ya matso, ga manoman rani yawanci sun riga sun yi sayayyarsu. Masu zuwa sai su taɓa, su kushe, su taya abin da ko kuɗin tiyon bai kai ba.

Wata Asabar Mama za ta tafi aikinta na asibiti, ta tsaya a zaure tana gyara jaka, ba ta ko kalli injin ba ta ce, "Idan wani ya kai dubu sittin, ki ba shi. Na gaji da ganinsa."

A nan sai in faɗa muku gaskiya: ban taɓa yin ciniki ba a rayuwata. Mama ke zuwa kasuwa. Ni iyakata shagon bakin layi, in miƙa kuɗi, in nuna abu da yatsa, in dawo. Hausata ta gida ce, da ta coci, da ta littafi. A wannan Hausar kuwa, albarka ita ce abin da ake faɗa idan alheri ya samu.

Gidan ya yi tsit. Ina zaune a zaure ina goge injin da tsumma (ba wanda ya sa ni, kullum nakan yi idan ba kowa), sai ga sallamar wani dattijo. Taɓo ya bushe a ƙafafunsa har ƙwauri, farcen babban yatsansa a tsage, rigarsa tana warin albasa.

"Ke ɗiya, wanga shi na injin da anka ce ana saidawa? Ina masu gida?"

Na ce Mama ta tafi aiki.

"To ni daga Kwalkwalawa nike, ba ni iya dawowa. Akwai wani da na gani Ƙofar Kware, in wanga bai yi ba, can za ni."

Ya tsuguna. Ya zare filogi ya hura, ya tsoma yatsa a baƙin mai ya murza, ya ja igiya. Bugu ɗaya injin ya tashi, hayaƙi ya cika zaure, warin Asabar ɗin Baba sak. Na ga girar dattijon ta ɗan ɗaga, amma nan take ya tsuke fuska.

"Ya sha wuya. Tiyon ma ya tsuhwa." Ya kashe injin, ya share yatsa a bango. "Na saya sittin da biyar."

Murna ta kama ni. Ya wuce abin da Mama ta ce! Na ga ya kamata in faɗi wata magana ta manya, mai ladabi. Na washe baki na ce, "Albarka, Baba!"

Ya ɗago ya dube ni. "Albarka?"

"Albarka ƙwarai."

"Hm. Ɗiyan zamani." Ya zagaya injin, ya ɗan buge shi da ƙafa. "To, saba'in."

Ku ji abin da ƙwaƙwalwata ta gaya mini: wai mutumin ya ji labarin mu marayu ne, shi ya sa yake ƙarawa don tausayi. Idona ya ciko da ƙwalla. Har ƙasa na durƙusa. "Kai, albarka! Albarka, Baba!"

"Ke, dariya kike yi min? Kin san nawa sabo shike kasuwa?" Muryarsa ta hau. "Saba'in da biyar, ba ni ƙara ko sisi. Sallama ko albarka?"

Na tsaya na yi tunani (wallahi na yi, shi ne abin takaicin). Sallama dai ya riga ya yi da ya shigo. Wadda ta rage ita ce sallamar baƙo, a ce masa ya tafi. Yaya zan kori mutumin kirki irin wannan? Na sunkuyar da kai na ce, "Albarka."

Ya kakkaɓe riga. "Allah shi ba ku mai saye." Ya fice.

Na bi ƙofar da kallo, ina jira ya dawo da kuɗi ko da igiyar ɗauri. Sai labulen ɗakin farko ya yaye. Inna Ige ce, maƙwabciyarmu, da faifan shinkafa a hannu. Ashe duk tana ji.

"Ke ɗiyar Malam! Mi kinka yi haka? Saba'in da biyar kinka ƙi?"

"Ban ƙi ba, Inna. Godiya na yi."

"Godiya? Albarka wurin ciniki ai ƙi na! An ce bai yi ba, a ƙara. In kin yarda, 'na sallama' aka cewa. Tashi maza ki bi shi, babur ɗinai na bakin titi!"

Ni da ko amsa a aji sai malami ya ce in maimaita, ni ce na fita layi a guje, ba takalmi, tsumman baƙin mai a hannu. Kuma a cikin ruɗewa "na" ɗin ta faɗi a hanya. Abin da ya rage nake ƙwalawa: "Sallama! Sallama!"

Teloli uku da ke bakin shago suka ɗago tare. "Wa alaikumus salam!"

"Sallama!"

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa. "Wa alaikumus salam, lahiya dai?"

Haka na ratsa layin ana amsa mini gaisuwa dama da hagu, har na cim ma dattijon ya riga ya hau babur. Na riƙe kariyar bayan babur ɗin ina haki. "Baba... na sallama."

Kafin ya yi magana Inna Ige ta iso, har yanzu da faifanta, ta shiga ba da bayani da muryar da ake ji a layi na gaba. Ba ta rage komai ba, har durƙuson. Teloli suka bar kekunansu. Dattijon ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Ashe godiya ɗiyar ga ta yi ta yi! Ni ko na ce ban taɓa ganin mai tsaurin ciniki awa ita ba, tana ƙi tana murmushi." Ya gyara hula, fuskar ciniki ta dawo. "To amma kin ce albarka ga saba'in da biyar, waccan magana ta mutu. Yanzu ke kinka biyo ni. Sittin da biyar ɗina na hwari."

"Haba Malam, ji tsoron Allah!" in ji Inna Ige. "Kai da ka ji tashin injin ga da kunnenka?"

Suka yi ta ja, ni ina tsaye ina kallon yatsun ƙafata da suka yi buɗu-buɗu. Aka tsaya a saba'in. Inna Ige ta mintsine ni. "Ce mana!"

"Na sallama," na ce, a hankali yadda ko ni da ƙyar na ji. Wani tela ya ce wa alaikumus salam.

Dattijon ya ɗaure injin a bayan babur da roba. Na tsaya har ya sha kwana, bakin tiyon yana lilo. Zauren ya yi faɗi. Na zauna a wurin har Mama ta dawo, na miƙa mata kuɗin, na ba ta labari ina kallon ƙasa.

Ta ƙirga kuɗin tsaf. Can ta ce, "Wato a tsaye kin ci dubu goma, a guje kin zubar da biyar. Babanki bai taɓa yin ciniki mai kyau haka ba." Ta ɗan yi dariya, ta dubi inda injin yake a da, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Mota dai ta samu, mun koma gida. Abin da na koya kuwa shi ne, idan ana ciniki a riƙe godiya a ciki sai kaya sun bar ƙofa. Kuma yarinyar da ba ta buɗe baki sai sau ɗaya a shekara, gara ta fara tambayar ma'anar abin da zai fito.