Ranar da Kawu Ya Ce In Goge Masa Waya

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Bello ba, kuma ko na so in manta, mutanen Shagari ba za su bar ni ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau idan na sauka a tasha sai wani ya ɗaga murya, "Injiniya, zo ka goge muna waya!" In yi murmushin yaƙe in wuce.

Bari in fara da wannan suna na Injiniya, kada ku zaci wani karatu na yi. Ban taɓa kwance ko kusa ɗaya a jikin waya ba. Malamin firamare ne ni a Bodinga, da an tashi kuma sai in zarce rumfar masu caji in kafa majalisa. Duk wanda zai sayi waya sai ya ji ra'ayina, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kada ka bi kyan kyamara, batir za ka duba. Kada ka sayi mai ƙaramin ciki, gem ɗaya zai cika ta. Ƙwallon da ake bugawa a waya wasan yara ne, na gaske shi ne na na'urar da ake jonawa da talabijin (ni ban mallaki na'urar ba, a shagon wani nake bugawa, kuma yawanci ni ake lallasawa). Babbar dokata kuwa, wadda nake maimaitawa kamar karatun allo, ita ce: duk wayar da ta fito daga hannun wani, a goge ta tas kafin a yi amfani da ita.

Bello ɗan kawuna ne, taubashina, sa'ana. A Shagari yake, yana noman albasa yana duba shanun Kawu. Ni na zaɓar masa wayarsa, ni na sa mata lambar sirri, ni kuma na kashe masa abin nan da ke kwafe hotuna da saƙonni yana adana su a intanet. Na ce masa, "Wannan ba ya komai sai shan data." Ya ce to, tunda Injiniya ya faɗa.

Abu biyu Bello yake yi da wayar. Na farko, ɗaukar kansa da shanu: ga shi yana kiran su da sunayensu, ga shi yana waƙa a bakin fadama da muryar da ko shanun ba su so. Na biyu, cina a gem ɗin ƙwallo. Wasan da nake cewa na yara ne, a cikinsa wannan makiyayi yake yi mini wulaƙanci daga Shagari ina Bodinga, kuma duk ya ci ni sai ya turo saƙon murya yana dariya. Haushi yake ba ni ƙwarai. Yau da zan samu mai ba ni irin wannan haushin, da na gode wa Allah.

Da damina abin ya faru. Ya zo Bodinga sayen maganin shanu, a hanyar komawa babur ɗinsa ya zame a santsi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wayar kuma a cikin laka aka tsince ta a gefen titi, aka kai wa Kawu tare da hularsa.

To a nan sai na yi muku bayanin Kawu. Bello ɗan farinsa ne, kuma Kawu mutumin da ne, mai alkunya irin ta Fulanin asali. Tun da nake ban taɓa jin ya kama sunan Bello ba. "Wancan" yake ce masa, in da ni yake magana kuma ya ce "abokinka". Ba ya yabonsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba su taɓa ɗaukar hoto tare ba. Ko a zaman makoki, mu muna ta sharar hawaye, shi yana zaune ƙyam yana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. A gidan nan kaf babu hoton Bello ko ɗaya. Fuskarsa da muryarsa duk suna cikin wayar nan, ni kuma na fi kowa sanin haka.

Ranar uku da safe, an yi addu'a an shafa, ana rabon gumba, sai Kawu ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a naɗe cikin hankici, ya warware. Wayar Bello ce, laka ta bushe a kan gilashinta. Bai dube ni ba, gefe yake kallo, ya ce a hankali, "Injiniya, kai kas san kan abinga. Goge min ita."

Jama'a, na ga lakar. Da idona na gan ta. Amma kan da ya shekara biyar a rumfar masu caji, in ya ji an ce a goge waya, abu ɗaya yake ganewa. Nan take na tsara wa kaina bayani: Kawu zai riƙe wayar ne, kuma a matsayinsa na dattijo yana son a rufa wa mamaci asiri, kada wani ya shiga hirarrakinsa. Har wani daɗi na ji a raina, cewa duk taron nan ni aka ga ya cancanci wannan amana. (A tsakiyar makokin ɗan'uwana fa, ina jin daɗin an san ni gwani ne. Allah Ya yafe mini.)

Na shiga zaure na zauna, na jona mata caji. Lakar ta hana ni ganin inda zan danna, sai na sa hannun rigata na share gilashin sau biyu, ya yi fes. Wato aikin da Kawu ya sa ni na gama shi ke nan, cikin ƙiftawar ido, da a nan na tsaya. Ta kawo haske, sai ga Bello a fuskar wayar, ya rungume wuyan wani farin bijimi yana washe baki. Hawaye suka zubo mini. Na share su, na sa lambar sirri, na shiga inda ake mayar da waya sabuwa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta sake tambaya, ta ce komai zai tafi ba zai dawo ba. Wayar ma ta fi ni hankali. Na danna.

Da zan miƙa masa a ɓoye da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na dawo tsakiyar mutane, dattawan unguwa da baƙi daga Sifawa duk suna zaune, na durƙusa na ce da ƙarfi, "Kawu, an gama. Ta koma sabuwa hul, kamar yau anka hiddo ta kwali." Har na juya ina yi wa na kusa da ni ƙarin bayani, cewa haka ya kamata a riƙa yi wa kowace waya.

Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ce, "Madalla, ta yi haske." Sannan ya miƙo mini ita, murya ƙasa ƙasa. "To taɓa ta shi hito. Shekaranjiya da anka taɓa ta na hangi kamar abokinka, amma laka ta ruhe huskatai. Kuma an ce akwai inda shika kiran shanu. Uwatai na ciki tana jira, tana son ta ji."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Bakin nan nawa da ba ya gajiya ya bushe ƙamas. Na tsaya ina kallon wayar, ita kuma tana yi mini barka da zuwa, tana tambayar harshen da nake so.

Wani maƙwabcin Kawu mai sayar da taki, wanda ya san waya, ya leƙo ya gani. Ya ce, "Injiniya, wace irin gogewa kay yi?" Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Malam, ai ya share komi. Hotuna, murya, duka." Ina jin idanun mutane a ƙeyata, wani tsoho yana tambayar na kusa da shi me aka yi, ana yi masa bayani da raɗar da kowa ke ji.

Kawu ya dube ni, karo na farko a ranar. Ya ce, "Ba a iya maido shi?"

Na ce, "Kawu... sai dai a gwada."

Ya ce, "To." Ya karɓi wayar ya mayar da ita cikin hankicin, ya naɗe a hankali kamar yadda ya warware, ya ce, "Ba komi, ɗana. Ni ab ban yi bayani ba." Wallahi da ya zabga mini mari a gaban taron nan da na fi samun sauƙi. Dattijon da kunya ta hana shi cewa yana son ganin fuskar ɗansa, shi ne yake ɗaukar laifin a kansa. Can daga cikin gida na ji kukan Inna, mahaifiyar Bello, ya tashi sabo, na san labari ya isa.

Washegari na karɓi wayar na tafi Sakkwato, na zaga wurin masu gyara har huɗu. Kowa tambayarsa ɗaya: ba a kunna ajiyar intanet ba? In ce an kashe. Na ƙarshen ya ce, "Wane wawa ne ya kashe?" Na ce wani ne can a Bodinga. Na koma kan tawa wayar ina bincike, sai na tarar da aikina a nan ma. Duk mako nake share saƙonnin murya da hotuna don gem ya samu wurin zama, kuma shawara ce da na sha ba mutane ina alfahari. Abokan Bello da na tambaya, yawancinsu almajiraina ne a wannan fanni, su ma sun share.

Abu ɗaya ya tsira. Ana gobe zai rasu ya ci ni huɗu babu ko ɗaya, ya turo saƙon murya, ni kuma don fushi na ƙi buɗewa. Yana nan yadda ya zo. Na zauna a bakin gado na danna.

"Injiniya! Huɗu da nema! Kai dai baki ag gare ka, hannu babu. Ka bar ba mutane shawara, ka taho Shagari in koya ma." Sai dariyarsa, da kukan saniya a bayansa. Daga nesa kuma sai muryar Kawu: "Kai wancan, aje abinga ka zaka!" Bello ya ce, "Na'am Baba, ga ni nan tahe." Saƙon ya ƙare.

Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta. Sannan na yi kusan mako biyu ina jinkiri, don ban san da wane ido zan shiga gidan ba, in ce ga abin da ya rage na ɗanku, kuma zagina yake yi a ciki. Daga ƙarshe na tura saƙon cikin wayar Bello, na hau mota na tafi.

A tsakar gida na same su bayan la'asar, Inna tana tsince wake, Kawu yana gyara igiyar shanu. Na gaishe su, na ajiye wayar a kan tabarma na danna, na sunkuyar da kai. Da muryar ta fito Inna ta saki faifan, ta toshe baki da gyale. Kawu bai motsa ba har aka zo wurin "ga ni nan tahe". Sai ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." Ban ƙirga sau nawa ba. A na ƙarshe na ga hawaye suna bin gemunsa, bai ko share ba. Ya ɗago ya dube ni, yana kuka yana ƙoƙarin dariya, ya ce, "Gaskiya Bello yah hwaɗi. Baki ag gare ka."

Inna ta juyo ta kalle shi. Ni ma na kalle shi. Shekara talatin da wani abu, ranar ce ya fara kama sunan.

Wayar tana wurin Inna yanzu, babu komai a cikinta sai wannan saƙo. Ta koyi inda ake dannawa, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta kunna masa. Saboda haka babu wanda bai sani ba, daga Shagari har ƙauyukan da ke kewaye, cewa an ci ni huɗu da nema kuma hannu babu. Na karɓi wannan hukunci, bai ma kai laifin ba.

Majalisar rumfar caji kuwa na rage zuwa, gem ɗin ƙwallon ma tun ranar ban sake buɗe shi ba, don babu wanda nake so ya ci ni. In an matsa mini da neman shawara, abu ɗaya nake faɗa: ka bar wayarka ta sha data ta adana muryoyin mutanenka, gem ya nemi wani wurin. Kuma yanzu kullum da hankici nake yawo a aljihu. Duk wanda ya miƙo mini waya ya ce in goge masa, ko yaro ne ko tsoho, sai na tsaya na dube shi na ce, "Da ƙyalle ko da yatsa?"