Ranar da Na Miƙa wa Malam Tafin Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar yaye ɗalibaina na farko ba, ko da na so in manta.

Sana'ata biyu ce. Da safe ina rubuta wa jaridu maƙala, su biya idan sun ga dama. Da yamma kuma ina tara matan aure a wata rumfa a unguwar Gesse, ina cire musu tsoron lissafi. Kullum ina bugun ƙirji ina ce musu ni ban taɓa jin tsoron lamba ba (Allah dai ya yafe mini). Dokar ajinmu ita ce, duk wadda ta daskare a gaban allo, sai wata ta riƙe mata hannu ta ce ta ja numfashi.

Wadda ta fi damuna ita ce Kulu, 'yar Argungu mai turara shinkafa. Ta iya komai a zaune, amma ta rantse ba za ta tashi gaban baƙi ba. Na san idan ta ƙi tashi ranar, ta bar lissafi ke nan har abada.

Ranar yayen, ina tsaye da alli ina zuba bayani, sai ga kawun Kulu ya shigo yana dogara sanda. Malam Garba ne, malaminmu na firamare, wanda bulalarsa ta haddace tafin hannuna fiye da yadda na haddace gidan bakwai. Ya ɗaga sandar don ya gaishe ni. Ni kuwa, uwar 'ya'ya huɗu, na runtse ido na miƙa masa tafin hannu.

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji an riƙe mini ɗaya hannun. Kulu ce, ta taso har gaban allo ba ta sani ba.

"Malama, ja numhwashi," in ji ta.

Malam ya laluba aljihu ya ɗora mini goro a tafin. "Ɗiyata, ashe har yau ba ki warke ba? Ki yahe min."

Tunda ta riga ta iso, Kulu ta karɓi allin ta yi lissafinta tsaf, ana ta dariya da guɗa.

Yanzu duk sabon aji, labarin nan nake fara ba su. Ya fi tsohuwar ƙaryata aiki nesa ba kusa ba.