Ranar da Na Zama Bishiya a Gidan Surukai

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da washegarin wata Babbar Sallah a unguwarmu ta New Bell ba, ranar da na shiga gidan surukaina ina taƙama, na fito da ganyen mangwaro a hula.

Sana'ata tura wa mutane fina-finai a waya, ina da ɗan shago a cikin kasuwa. Wanda ya wuni yana kallo ba ya rasa ra'ayi, ni kuwa nawa har ya yi yawa. Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya da iyayenmu da kakanninmu suka kalla a silima tun suna samari, duk unguwar Hausawa ana ji da shi kamar ɗan fari. Ni dai ban ga abin da suka gani ba. Jarumin in yana murna ya ɗaga gira, in yana fushi ya ɗaga gira, uwarsa ta mutu ma girar ce dai. Jarumar kuwa ba ta da aiki sai zagaya bishiya. A teburin mai shayi kullum ni ne mai babbar murya: "Wallahi zuzuta shi kawai ake yi! A cire waƙe-waƙe da koke-koke, abin da zai rage ko shayin nan ba zai huce ba ya ƙare!"

A lokacin ina neman auren Salamatu. Manya sun je gaisuwa, saura sa rana, amma Alhaji mahaifinta yana ta jan ƙafa. Na ji ƙishin-ƙishin wai bai tabbata mai tura fim yana da natsuwar riƙe iyali ba. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don ina son yarinyar nan.

Ana cikin haka ta kira ni. Ashe kowace shekara washegarin Sallah danginsu kan hallara, na unguwar Kotto da na unguwar Cité des Palmiers, su kalli fim ɗin nan tare. Bana faifansu ya karce, Alhaji da kansa ya ce in kawo musu.

Alhaji da kansa! Sai da na yi tsalle a shago. Ga dama ta samu, zan nuna masa ƙwarewa. Na zauna gaban kwamfuta na yi wa fim ɗin aski. Duk inda aka buga ganga, na yanke. Duk inda wani ya ja hanci zai yi kuka, na yanke. (Ina yi ina yaba wa kaina, har da jinjina kai.) Fim ɗin da ke cinye rabin wuni ya dawo ɗan tsaf, na zuba shi a filashin USB, na sa shaddata, na hau bendskin, wato acaɓa.

Na tarar an kafa rumfar leda a tsakar gida saboda ruwa, an fito da babbar talabijin. Mata a kan tabarmi, Alhaji da ƙannensa a kujeru daga baya, ga soyayyen nama, ga foléré, wato zoɓo, mai sanyi. A gaba kuwa Kaka Ladi ce, kakar Salamatu, da sabon hankici a hannu.

"Angona ya iso!" in ji ta. "Kunna mana, mun gaji da jira."

Na durƙusa na gaida kowa, na kunna, na koma gefe ina jiran yabo.

Aka zo wurin waƙar farko. Na ga mata suna gyara murya, Kaka ta gyara ɗaurin zani, hannuwa sun tashi za a soma tafi. Sai kawai ga jarumi a tashar jirgin ƙasa yana sayen tikiti. Hannuwan suka tsaya a sama.

"Wèè! C'est quoi ça?" wata goggo ta tambaya da Faransanci ko mene ne haka. "Faifan nan ma ya karce?"

Ni kuwa sai murmushi nake. Su bari dai su ga daɗin sauri.

Can jarumi ya haɗu da jaruma a bakin rijiya, suka kalli juna. Kafin a ƙifta ido, ga ta da goyon jariri. Sai a lokacin na tuna cewa ɗaurin auren nasu gaba ɗaya a cikin waƙa aka yi shi.

Kawu Sale, ƙanin Alhaji, ya miƙe tsaye. "Subhanallahi! Yaushe aka ɗaura? Kai yaro, wane irin fim ka kawo mana a gaban iyali?"

Ban gama haɗiye wannan ba, ga uwar jarumi tana zuba masa abinci lafiya lau, sai ga hotonta a bango an rataya masa furanni.

"Ka kashe baiwar Allah ko jinya babu!" Kaka ta yi salati tana tafa hannu.

Mai hankali a nan zai ce na'ura ce ta samu matsala. Ni sai na miƙe na ce, "Ai gyara shi na yi. Waƙoƙin ba su da amfani, su jaruman ma, vraiment, ba su iya komai ba."

Ruwa na ta dukan leda. Salamatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji ya dube ni daga hula har takalmi, na ji a jikina aurena ya bi kwata. Cikakken fim ɗin yana shago, kasuwa a kulle, titi ya cika da ruwa.

Kaka Ladi ce ta kawo mafita. "A mayar baya. Duk inda ya yanke a tsayar, mun haddace. Abu ɗaya muka rasa, bishiya." Ta juyo ta kafa min ido. "Angona, taso."

Aka karyo reshen mangwaron gidan aka damƙa min. Na tsaya a tsakiyar fili da shaddata, hannu a sama, tsohuwa tana zagaya ni tana leƙowa ta bayan kafaɗata tana fari da ido. Mata suka ɗauki amshi da Indiyancin da ko Ba'indiye ba zai gane ba, ana kaɗa bokiti, ana guɗa. Hajiya surukata ta shige ɗaki don kunya, amma ina jin dariyarta ta taga. Wata ta wuce ta yi min sannu, ta ce, "Ashia, bishiya!" Na saci kallon Alhaji, sai na ga ƙafarsa tana bin kiɗa.

Waƙoƙin da na yanke kuwa ba kaɗan ba ne, kowace sai an nemi bishiya.

Da aka zo ta mutuwar uwa, Kaka ta zauna a gindina ta rera ita kaɗai, a hankali. Ta gama ta share ido ta ce, "Da marigayi mijina muka fara kallonsa, ina amarya. A nan wurin ya ba ni hankicinsa." Wallahi sai ga hawaye a fuskata. Ba don hannu biyu na riƙe da reshe ba, da na goge fuska kafin a gani.

Zan fita ina sanɗa, Kawu Sale ya tare ni a zaure yana danne dariya.

"Alhaji ya ce manyanka su zo ranar Juma'a a sa rana. Ya ce wanda ya sha wannan tsayuwa bai ɓata rai ba, zai iya zaman aure."

Na fita cikin ruwa ina ihu kamar mahaukaci, ban ma nemi bendskin ba.

Abin da na koya? In ka tarar da mutane suna ƙaunar wani abu tun kafin a haife ka, ba gyaranka suke jira ba. Ka kunna musu yadda yake, ka nemi tabarma, ka cika bakinka da nama.